Alamo: Bishiyar Bakin Kogi da Sunanta Ya Faɗa Cikin Tarihin Yaƙi

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko ya bi sunayen garuruwa da ido, ba zai jima ba sai ya lura da wani suna da ke ta dawowa cikin kama daban-daban. Akwai Alamo a birnin San Antonio na jihar Teksas, akwai Los Alamos da Alamogordo a Niyu Meziko, akwai Alamosa a Kolorado, akwai Alameda a gefen San Francisco ta jihar Kalifoniya, ga kuma tsohon garin haƙar azurfa mai suna Álamos a jihar Sonora ta Meziko. Dukkansu tsatson kalma ɗaya ne ta Sifaniyanci, wato álamo, sunan wata doguwar bishiya mai son bakin ruwa wadda Turawan Ingila ke kira poplar. Mafi yawan masu jin waɗannan sunaye a yau ba bishiya ce ke zuwa musu a rai ba. Wani yakan tuno da sojojin da aka kashe a Teksas a 1836, wani kuma da bam ɗin ƙare-dangi na 1945. A ganina, wanda ya fara sanin bishiyar ya fi saurin gane dalilin da ya sa wuraren da ke ɗauke da sunanta suka zama abin da ake zubar da jini a kansu.

Da Sifaniyawa suka kutsa arewa daga tsakiyar Meziko tun daga ƙarni na 16, sun tarar da ƙasa mai faɗi, busasshiya, wadda matafiyi kan yi kwanaki a cikinta bai ga inuwar kirki ba. A bakin koguna da ƙoramu kuwa sai suka riƙa cin karo da wata bishiya 'yar dangin álamo ɗin da suka baro a gida, don haka suka laƙaba mata sunan da suka sani. Amurkawan da suka zo daga baya sun kira ta da sunan da ke nufin itacen auduga, saboda a farkon lokacin zafi macen bishiyar takan saki 'ya'ya ƙanana lulluɓe da farin gashi, iska ta kwashe su tamkar audugar rimi. Bishiyar tana saurin girma, ganyenta na kaɗawa ko da iska kaɗan ce, katakonta kuma yana da laushi. Abin da ya ba ta daraja a wurin matafiya shi ne cewa ba ta rayuwa sai inda saiwarta za ta taɓa ruwa. Ayarin da ya hango jerin alamo daga nesa ya san ya sami wurin zango, akwai abin shayar da dawakai da alfadarai, akwai itacen girki, kuma ko da kogin ya ƙafe, in an tona yashi za a iske ruwa. Saboda haka sanya wa wuri wannan suna sanarwa ce ga na baya cewa a nan ana iya zama.

'Yan asalin ƙasar sun riga Sifaniyawa sanin haka da ƙarnuka masu yawa. Mutanen Hopi har yau da saiwar wannan bishiya suke sassaƙa 'yan mutum-mutumin al'adarsu da ake kira katsina (sunan ya yi kama da na wani birni da muka sani, amma babu wata alaƙa), mutanen Pueblo suna fafe gindinta su yi ganga, Lakota kuma ita suke kafawa a tsakiyar filin babban bikinsu na rawar rana. A filayen arewa, idan ƙanƙara ta rufe ciyawa, da ɓawonta ake ciyar da dawakai. Haihuwarta kuwa tana da sharaɗi mai tsauri: irin ba ya daɗewa da rai, kuma dole ne ya faɗa kan danyen yashi ko laka da ambaliya ta shimfiɗa, inda rana ke bugu sosai. Wannan ne ya sa madatsun ruwa da aka gina a kan kogin Rio Grande a ƙarni na 20 suka zama barazana gare ta, domin da ambaliya ta daina zuwa, tsofaffin bishiyoyi na nan tsaye amma ƙanana ba sa tasowa su gaje su kamar da.

A can Sifaniya, kalmar ta riga ta haifi wata, wato alameda, wadda asalinta ke nufin wurin da alamo ke da yawa, daga baya ta zama sunan faffaɗar hanyar shaƙatawa mai jerin bishiyoyi dama da hagu. A 1574 aka buɗe Alameda de Hércules a birnin Sebiya, wanda littattafan tarihin Andalus ke kira Ishbiliya, kuma tana cikin tsofaffin lambunan jama'a a Turai. A 1592 wakilin sarkin Sifaniya, Luis de Velasco, ya sa aka kafa Alameda Central a birnin Meziko. Ko a nan ma inuwa da azaba sun yi maƙwabtaka, domin a gefen yammacin lambun ne kotun cocin Katolika mai binciken aƙida take da filin da ake ƙona waɗanda aka yanke wa hukunci. Babban titin Santiago ta ƙasar Chile ma Alameda jama'a ke ce masa, kuma a jawabin ƙarshe da shugaba Salvador Allende ya yi ta rediyo ranar 11 ga Satumba 1973, lokacin da sojoji ke kifar da gwamnatinsa, ya yi alkawarin cewa wata rana za a sake buɗe manyan alameda domin 'yantaccen mutum ya ratsa.

Sai dai inda sunan ya fi yin nauyi shi ne San Antonio. A 1718 wani limamin Katolika na ɗariƙar Faransiskan, Antonio de Olivares, ya kafa tashar mishan mai suna San Antonio de Valero, kuma a 1724 aka mayar da ita wurin da take a yanzu, a gabashin kogin San Antonio. Manufar ita ce tara ƙananan ƙabilun yankin, a shigar da su Kiristanci, a koya musu noma da kiwo da Sifaniyanci, su zama talakawan sarkin Sifaniya a kan iyakar da Faransa ke yi wa barazana daga Luwiziyana. Su ne suka haƙa magudanan ban-ruwa da ake kira acequia, kalmar da Sifaniyanci ya aro daga saƙiya ta Larabci, su ne kuma suka ɗauki duwatsun ginin. Cututtukan da baƙi suka kawo, irin su agana da ƙyanda, sun yi musu mummunar ɓarna, kuma ɗaruruwansu a harabar wurin aka binne su. Cocin da duniya ta sani a hoto ba a taɓa kammala shi ba a zamanin mishan. A 1793 aka rufe tashar, aka raba gonakinta.

Shekara 10 bayan haka, a 1803, wata rundunar sojan doki ta Sifaniya ta zo ta tare a kangon ginin tare da iyalanta. Rundunar ta fito ne daga wani ƙauye a yankin Coahuila na arewacin Meziko mai suna Álamo de Parras, wanda a yau ake kira Viesca, don haka mutanen gari suka riƙa ce musu mutanen Alamo, sannu a hankali sunan ya bi ginin kansa. Akwai masu cewa daga kurmin alamo da ke kusa da kogin aka samo sunan, amma yawancin masana tarihi sun fi karkata ga bayanin rundunar, kuma ni ma shi ya fi kwanta mini, tun da ginin ya shafe kusan shekara 80 a gefen waɗannan bishiyoyi ana kiransa Valero, sai da sojojin suka zo sunan ya sauya.

Meziko ta sami 'yancin kai a 1821, ta gaji Teksas mai faɗi da ƙarancin jama'a, ga hare-haren ƙabilar Comanche. Sai ta buɗe ƙofa ga baƙi daga Amurka, ta ba su filaye a farashi mai rahusa bisa sharaɗin su zama 'yan Meziko kuma mabiya Katolika. Stephen F. Austin ya kawo iyalai 300 na farko, wasu dubbai suka biyo baya, har baƙin suka ninka 'yan ƙasa masu magana da Sifaniyanci, waɗanda ake kira Tejano. Yawancin baƙin daga kudancin Amurka suka fito, abin da ya kawo su noman auduga ne, kuma noman auduga a wurinsu ba ya yiwuwa sai da bayi baƙar fata. A 1829 shugaba Vicente Guerrero ya haramta bauta a Meziko, kuma ko da yake an ɗaga wa Teksas ƙafa, masu bayi sun fahimci inda aka dosa. A 1830 aka kafa dokar hana ƙarin baƙi daga Amurka. Da shugaba Antonio López de Santa Anna ya yi watsi da tsarin tarayya na 1824 ya tattara iko a hannun gwamnatin tsakiya, jihohi da dama suka yi bore, ciki har da Zacatecas wadda ya murƙushe da ƙarfin soja a 1835. A watan Oktoba na shekarar aka fara harbe-harbe a Gonzales, a watan Disamba kuma 'yan tawayen Teksas suka kori Janar Martín Perfecto de Cos daga San Antonio suka riƙe Alamo.

Santa Anna da kansa ya jagoranci rundunar ramuwa, ya iso ranar 23 ga Fabrairu 1836, ya sa aka ɗaga jar tuta a hasumiyar cocin San Fernando, alamar cewa ba za a bar kowa da rai ba. William B. Travis, matashin lauya ɗan shekara 26 da ke shugabantar masu tsaron, ya mayar da amsa da harbin igwa. Tare da shi akwai James Bowie, wanda ciwo ya kwantar tun farkon ƙawanyar, da David Crockett, tsohon ɗan majalisar dokokin Amurka daga Tennessee. Travis ya yi ta aika wasiƙun neman agaji, amma mutum 32 daga Gonzales su ne gudummawar da ta shigo. Bayan kwana 13, da asubahin 6 ga Maris, sojojin Meziko suka haura katanga, kuma cikin abin da bai kai awa 2 ba komai ya ƙare. Masu tsaron, kimanin mutum 200, kusan duk an kashe su, ɓangaren Meziko kuma ya yi asarar ɗaruruwa tsakanin matattu da masu rauni. Santa Anna ya ba da umarni a ƙona gawarwakin abokan gaba, kuma bisa shaidar mutanen garin, biyu daga cikin tarin itacen da aka cinna wa wuta a bakin Alameda ta San Antonio aka jera su, wato hanyar da aka dasa wa alamo a farkon ƙarnin, wadda a yau ta zama wani ɓangare na titin Commerce.

Ta fuskar dabarun yaƙi, riƙe Alamo bai da wata fa'ida mai yawa, domin fili ne mai faɗin da mutum 200 ba za su iya tsarewa ba. Rashin imanin Santa Anna ne ya mayar da shan kashin ya zama makami. Ranar 27 ga Maris ya sa aka harbe fursunonin yaƙi fiye da 300 a Goliad, sannan ranar 21 ga Afrilu rundunar Teksas ƙarƙashin Sam Houston ta auka wa sansaninsa a San Jacinto tana kururuwar a tuna da Alamo, a tuna da Goliad. Faɗan kansa minti 18 ya ɗauka, amma kisan ramuwar gayya ya ci gaba har sa'o'i, aka kashe sojojin Meziko fiye da 600, washegari kuma aka kama Santa Anna. Teksas ta zama jamhuriya, Amurka ta haɗe ta a 1845, yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 1846, kuma a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 Meziko ta sallama kusan rabin ƙasarta a kan dala miliyan 15. Ta wannan hanya ce garuruwa masu sunayen Sifaniyanci suka wayi gari a cikin Amurka.

An daɗe ana koya wa yaran Teksas labarin Alamo a matsayin na jarumai da suka zaɓi mutuwa saboda 'yanci, kuma ba na musun jarumtar mutumin da ya ga jar tuta ya tsaya. Abin da nake ƙi shi ne labarin da aka yanke masa rabi. Kundin tsarin mulkin da wakilan Teksas suka amince da shi a watan Maris ɗin nan na 1836 ya halatta bauta ƙarara, ya hana majalisa 'yanta bayi, ya kuma hana baƙar fata mai 'yanci zama a ƙasar sai da izinin majalisa. Bayi a Teksas kimanin 5,000 ne a 1836, amma zuwa 1860 sun haura 180,000. Bowie ya taɓa yin fataucin bayi, Travis kuma da bawansa ya shiga Alamo, wani saurayi mai suna Joe, wanda ya tsira daga kisan, ya kai wa shugabannin Teksas labarin abin da ya gani da idonsa, sannan aka mayar da shi cikin dukiyar gadon ubangidansa. Ranar 21 ga Afrilu 1837, daidai cikar shekara guda da nasarar San Jacinto, Joe ya gudu, aka buga sanarwar lada a jarida ga duk wanda ya kamo shi.

'Yan Tejano ma labarin ya daɗe yana tsallake su. Wasunsu sun mutu a cikin Alamo suna yaƙar Santa Anna saboda tsarin tarayyar da ya rusa, kamar Gregorio Esparza, wanda ɗan'uwansa Francisco yake ɓangaren Meziko, shi ne ma ya roƙi a ba shi gawar ya binne. Juan Seguín, wanda Travis ya aika neman agaji kafin faɗuwar wurin, ya jagoranci 'yan Tejano a San Jacinto, ya zama magajin garin San Antonio a 1841, amma a 1842 baƙin da suka cika garin suka zarge shi da cin amana har ya tsere zuwa Meziko don ya tsira da ransa. Shi kansa ginin an yi masa kwaskwarima irin wadda aka yi wa labarin. Lanƙwasasshen kan nan na gaban cocin, wanda ya zama tambarin Teksas, sojojin Amurka ne suka ƙara shi a 1850 lokacin da suka mayar da wurin ma'ajiyar kaya, don haka babu ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu a 1836 da ya taɓa ganinsa. Sanannen labarin layin da aka ce Travis ya ja da takobi a ƙasa, yana neman masu shirin mutuwa su tsallako, sai bayan kusan shekara 40 ya bayyana a rubuce. Da UNESCO ta sanya Alamo cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, ta sanya shi ne tare da sauran tashoshin mishan huɗu na San Antonio, saboda tarihin zamanin Sifaniya da ƙabilun da suka gina su.

Sunan ya sake faɗawa cikin yaƙi bayan shekaru fiye da 100, wannan karon a Niyu Meziko. A kan tudun Pajarito, mai tsayin kusan mita 2,200, akwai wani kwazazzabo da alamo suka cika, shi ya sa ake ce masa Los Alamos, kuma a 1917 Ashley Pond ya kafa makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali a wurin. Masanin kimiyya J. Robert Oppenheimer ya san yankin tun yana saurayi mai yawo a kan doki, don haka da Janar Leslie Groves ke neman keɓaɓɓen wuri domin ɗakin binciken shirin Manhattan, wato shirin ƙera bam ɗin nukiliya, a 1942, shi ne ya nuna masa tudun. Gwamnati ta karɓe makarantar, ta kuma tashi manoma masu magana da Sifaniyanci da ke noma a kan tudun, aka biya su abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da masu makarantar suka samu. A 1943 aka buɗe ɗakin binciken cikin sirri mai tsanani, har an hana ambaton sunan garin, duk wasiƙun mazauna ta akwatin gidan waya mai lamba 1663 a Santa Fe suke bi.

Bam ɗin da suka ƙera an gwada shi da ƙarfe 5:29 na asubahin 16 ga Yuli 1945, a wani lungu na filin atisayen jefa bama-bamai na Alamogordo, a hamadar da Sifaniyawa suka kira Jornada del Muerto, wato tafiyar mamaci, saboda rashin ruwanta. Alamogordo, garin jirgin ƙasa da aka kafa a 1898, ma'anar sunansa ita ce ƙatuwar alamo. Da mutanen yankin suka ga haske suka ji ƙasa ta girgiza, sai sojoji suka fitar da sanarwa cewa rumbun harsasai ne ya fashe a sansanin jiragen sama na Alamogordo. Makonni uku bayan haka aka jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, aka jefa na biyu a Nagasaki ranar 9 ga wata.

Ba a gargaɗi mazauna ƙauyukan da ke kewaye da wurin gwajin ba, ba a kuma kwashe su ba, alhali yawancinsu makiyaya ne da manoma masu magana da Sifaniyanci da 'yan ƙabilar Mescalero Apache, waɗanda da yawansu ruwan sama suke tarawa daga rufin ɗaki su sha, su shayar da dabbobi, su ci abin da suka noma a bayan gida. Toka mai guba ta sauka a kan wannan duka, kuma iyalansu sun shafe shekaru suna danganta yawan cutar daji a cikinsu da abin da ya faru a wannan asubahi. Dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajen nukiliya suka shafa, wadda majalisar Amurka ta zartar a 1990, ta haɗa da wasu yankunan Nevada da Utah da Arizona amma ta bar Niyu Meziko a waje. Manoman da aka tasa daga tudun Pajarito sun sami asusun diyya na dala miliyan 10 a 2004, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya sai 'ya'ya da jikoki, mutanen da tokar gwajin ta sauka a kansu kuwa sai a 2025 aka shigar da su cikin dokar, shekara 80 bayan fashewar.